Kofin Davis a farkon ƙarni na 20: me ya sa ƙasashe huɗu kawai ke miƙa wa juna?

Tambaya: Na duba jerin ƙasashen da suka ci Kofin Davis na wasan tanis tun daga 1900, sai na ga shekara da shekaru ƙasashe huɗu ne kawai ke ɗauka. Har da wata wai ita Australasia, wadda ban taɓa ganin ta a taswira ba. Shin 'yan wasan wancan zamani gwanaye ne na gaske, ko kuwa 'ya'yan masu kuɗi ne ke wasa tsakaninsu? Kuma ina 'yan Afirka suke a lokacin?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da idonka ya gane maka haka yake, har ma ya zarce yadda ka zata. Daga 1900 zuwa 1973 babu wanda ya ɗaga wannan kofi in ba Amurka, Birtaniya, Ostareliya da Faransa ba. Zato biyun da ka kawo kuma duk suna kan hanya: galibinsu 'ya'yan masu hali ne, kuma a cikinsu akwai gwanayen da har gobe ake koyi da abin da suka ƙirƙiro. Amma idan kana son jerin nan ya buɗe maka, fara da tsarin gasar. An tsara ta yadda mutum biyu kacal sun isa su riƙe wa ƙasa kofi, muddin sun iya wasa kuma suna da halin barin gida wata da watanni a cikin jirgin ruwa.

Ga yadda abin yake a wancan lokacin. Ƙasa biyu na haɗuwa kwana uku, a yi karawa biyar. Ranar farko wasan ɗai-ɗai guda biyu, rana ta biyu wasan bibbiyu guda ɗaya, rana ta uku a musanya abokan karawa a sake ɗai-ɗai guda biyu. Wanda ya ci uku ya yi nasara. Kowace karawa kuma sai wani ya ci zubi uku cikin biyar, kowane zubi kuwa tarin ƙananan wasanni ne da ake kira gem. Babu dokar da ta hana mutum biyun nan su buga duka karawa biyar ɗin su kaɗai. Saboda haka yawan jama'ar ƙasa ko yawan filayenta ba shi ne ma'auni ba. Ka bi jerin da ke hannunka da wannan a zuciya, za ka ga kusan kowane zango sunan mutum biyu ne: 'yan'uwa Doherty, sai Brookes da Wilding, sai Tilden da Johnston.

Wanda ya sayi kofin wani ɗalibin Jami'ar Harvard ne, Dwight Davis, ɗan wani attajiri daga St. Louis. Da kuɗinsa ya sa aka ƙera masa babban kwanon azurfa ta hannun wani kanti a Boston, ya miƙa shi ga hukumar tanis ta Amurka don a riƙa karawa a kai tsakanin ƙasashe. A hukumance ba a sa wa gasar sunansa ba sai bayan rasuwarsa a 1945, amma tun farko bakin jama'a ya riga ya raɗa mata. An yi karon farko a watan Agustan 1900 a kulob ɗin Longwood da ke Boston. Amurka ta fito da Davis kansa, da Malcolm Whitman, da Holcombe Ward, dukansu 'yan Harvard. Birtaniya, wadda a lokacin take ganin wasan nata ne tunda a can aka haife shi, ba ta turo manyan gwanayenta ba. Ta turo Arthur Gore, Herbert Roper Barrett da Ernest Black. Da suka sauka ma sai da suka fara zuwa kallon magangarar ruwan Niagara kafin su nufi Boston. Aka lallasa su uku ba ko ɗaya.

Roper Barrett ya koka daga baya cewa ciyawar ta yi tsawo, raga ta saki, ƙwallayen kuma sun yi laushi. Ban ce ƙarya ya yi ba. Sai dai akwai abin da ya fi ciyawa cutar da su, wato wani sabis mai murɗiya da Ward da Davis suka ƙware a kai. Mai bugawa zai jefa ƙwallo ta bayan kansa kaɗan, ya gantsare, ya goge ta da raket daga ƙasa zuwa sama a karkace. Tana tafiya tana lanƙwasa ta wannan gefe, tana taɓa ƙasa sai ta yi tsalle sama ta kauce ta wancan. Baƙin ba su taɓa cin karo da irinsa ba. Duk ɗan wasan da ka gani yau yana buga sabis na biyu mai tsalle har kafaɗar abokin karawa, gadon wannan ne yake ci.

A 1901 ba a yi gasar ba, Birtaniya ba ta iya haɗa 'yan wasan da za su ƙetare teku ba. A 1902 ta dawo ta sha kashi uku da biyu a Brooklyn. Sai 1903, shekarar da nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin ita ce ta fi nuna maka abin da nake nufi da mutum biyu.

Reggie Doherty da ƙanensa Laurie 'yan Landan ne da suka yi karatu a Cambridge. Reggie ya ci Wimbledon sau huɗu a jere daga 1897 zuwa 1900, Laurie ya ci sau biyar daga 1902 zuwa 1906, a wasan bibbiyu kuma sun ci tare sau takwas. Da suka iso Longwood a 1903, Reggie ya ji ciwo a kafaɗa ana gab da farawa. Akwai na uku a tawagar, Harold Mahony ɗan Ireland, wanda shi ma ya taɓa cin Wimbledon. Amma dokar lokacin ta ce idan aka sa wani a madadin Reggie a karawar farko, to shi ne zai buga ta ƙarshe ma. Kyaftin ɗinsu ya auna, ya ga gara ya ba Amurka karawar farko kyauta da ya rasa Reggie gaba ɗaya. Haka aka yi: aka rubuta wa Bill Larned nasara ba tare da ya ɗaga raket ba. Laurie ya ci tasa karawar, aka yi kunnen doki. Sai ruwan sama ya sauko ya tsayar da wasa kwana biyu, kafaɗar Reggie ta samu sauƙi. Suka ci wasan bibbiyu. Ranar ƙarshe aka buga karawa biyun lokaci guda a filaye biyu da ke maƙwabtaka, wa na nan ƙane na can, kowanne yana jin tafin 'yan kallon ɗan'uwansa. Duka biyun sai da aka kai zubi na biyar, duka biyun kuma 'yan Doherty suka ci. Kofi ya bar Amurka da ci huɗu da ɗaya, kuma ɗayan nan ma kyauta aka bayar. Laurie bai tsaya nan ba, ya wuce ya ci gasar Amurka ta wannan shekarar, baƙo na farko da ya yi haka. Har ya bar Kofin Davis ba a taɓa doke shi ba, ko a ɗai-ɗai ko a bibbiyu.

Abu na biyu da ya sa kofin ke daɗewa a hannu ɗaya shi ne zagayen ƙalubale. Ƙasar da ke riƙe da kofi ba ta shiga wasannin share fage. Tana zaune a gida, sauran su kara tsakaninsu, wanda ya fito ya biyo ta har filinta. Kamar a ce sarkin dambe ya zauna a inuwa yana kallo har samari su gama jigata juna, sannan ya miƙe ya shiga da wanda ya saura. Mai kofi ne ke da fili, shi ke da 'yan kallo, shi ya saba da iskar wurin. Wimbledon ma haka take yi wa zakaranta har 1921. A Kofin Davis kuwa ba a soke wannan tsari ba sai 1972. A ganina wannan ne babban zalunci a tsarin, kuma shi ya sa nake ɗora nauyin kowace nasara a kan tambaya ɗaya: a gida aka kare kofin, ko a gidan wani aka ƙwato shi? Shekarun ƙwace a wannan zamani su ne 1903, 1907, 1912, 1913, 1914, 1920 da 1927, kuma a nan ne ainihin jarumtar take.

Yanzu ga Australasia da ka nema a taswira. Ba ƙasa ba ce, haɗin gwiwa ne na Ostareliya da New Zealand, waɗanda suka kafa hukumar tanis guda a 1904 suka fara shiga gasar a 1905. Da wannan suna suka je wasannin Olamfik na 1908 da 1912 ma. Gasar da ake kira Australian Open yau da sunan haɗin ta fara a 1905, har an taɓa buga ta a New Zealand sau biyu. Sun rabu a farkon shekarun 1920, kowa ya kama gabansa. Haɗin ya yi musu rana, domin kowace ƙasa ta kawo mutum ɗaya, aka samu biyun da ake buƙata.

Na Ostareliya shi ne Norman Brookes, bahago, ɗan wani hamshaƙin attajiri a Melbourne, mutum marar yawan magana da ke wasa da hula a kansa. Salonsa shi ne ya buga sabis mai juyi ya bi shi da gudu zuwa raga, ya tare ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba, ya karkatar da ita inda ƙafa ba ta kaiwa. Har laƙabin mai sihiri aka yi masa. A 1907 ya zama namiji na farko daga wajen Birtaniya da ya ci Wimbledon. Na New Zealand kuwa Anthony Wilding ne, haifaffen Christchurch a 1883, wanda ya karanta shari'a a Cambridge. Shi daga bayan fili yake wasa, da ƙarfi da juriya. Yana cikin na farko da suka ɗauki horar da jiki da muhimmanci, da gudu da tsallen igiya, a zamanin da ake ganin yawan atisaye bai dace da mai mutunci ba. Da babur yake ratsa Turai daga wannan gasa zuwa waccan. Ya ci Wimbledon sau huɗu a jere, 1910 zuwa 1913.

Su biyun suka doke Amurka sannan suka doke Birtaniya a Wimbledon a 1907, bayan 'yan Doherty sun ajiye raket. Kofi ya tafi can ƙarshen duniya, kuma a nan jirgin ruwa ya shigo cikin lissafi. Daga Ingila zuwa Ostareliya tafiyar kusan mako shida ce, daga gaɓar yammacin Amurka kuma kusan mako uku. Mutum zai bar aikinsa wata uku ko fiye don wasan kwana uku, ya sauka da ƙafafun da suka yi makonni ba su taka fili ba. A 1908 'yan Amurka Beals Wright da Fred Alexander suka yi wannan tafiya zuwa Melbourne, cikin zafin ƙarshen Nuwamba, kuma saura ƙiris su komo da kofin. Wright ya doke Wilding, sannan ranar ƙarshe Brookes ya ci shi zubi biyu na farko, Wright ya farfaɗo ya ci uku a jere, na ƙarshe 12 da 10. Aka zama biyu da biyu, sai Wilding ya gama da Alexander cikin zubi uku. A 1909 manyan Amurka ba su iya tafiyar ba, aka tura samari biyu 'yan California, aka ci su biyar ba ko ɗaya a Sydney. A 1910 babu ma wanda ya je, shi ya sa ka ga gurbin shekarar babu komai a jerinka. Birtaniya ce ta je Melbourne a 1912 ta ƙwato, shekarar da Wilding bai buga ba, James Cecil Parke ɗan Ireland ya doke Brookes a gaban mutanensa. 

Batun kuɗi kuwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Dokar wasan a lokacin ta ce ɗan gasa ba ya karɓar lada. Babu kuɗin nasara, babu albashi. Wanda ya karɓi kuɗi don koyarwa ko don buga wasa an fitar da shi daga sahu. Ana kiran wannan tsare mutuncin wasa, amma a aikace ƙofa ce aka rufe wa duk wanda sai ya fita ya nemo zai ci. Ka ƙara da cewa filayen ciyawa na kulob-kulob ne masu zaɓen wanda zai shiga. Shi ya sa idan ka bi tarihin 'yan wasan nan sai ka yi ta cin karo da lauyoyi, 'yan kasuwar hannun jari da 'ya'yan masu masana'antu. Davis kansa ya zama sakataren yaƙi na Amurka daga 1925 zuwa 1929, sannan gwamnan Filifins. Abin da nake yaba masa shi ne lokacin da yake kula da wuraren shaƙatawa na St. Louis ya gina filayen tanis na jama'a, inda ɗan talaka zai shiga ba tare da katin kulob ba.

Irin waɗannan filayen ne suka fito da Maurice McLoughlin, ɗaya daga cikin samarin nan biyu da aka lallasa a Sydney. Ba ɗan masu kuɗi ba ne. Ya koyi wasa a filayen gwamnati na San Francisco, masu tauri, inda ƙwallo ke tashi sama da sauri. Sai ya taso da wasan da bai yi kama da na 'yan ciyawa ba: sabis kamar harbi, duka daga sama, da rugawa raga ba tsoro. Ya ci gasar Amurka a 1912 da 1913, kuma shi ya jagoranci ƙwato kofin daga Birtaniya a Wimbledon a 1913. Jama'ar da ba su taɓa damuwa da tanis ba suka fara cika wurin kallo saboda shi.

Kafin ka yanke hukunci kan gwanintarsu, ka san da me suke wasa. Raket na katako ne, mai nauyi, fuskarsa ƙarama, zarensa na hanjin dabba wanda danshi ke lalatawa. Idan ba ka sami ƙwallo a tsakiyar fuskar ba, ta mutu a hannunka. Suna sanye da dogon wando fari na ulu da riga mai dogon hannu, gumi ya jiƙa su su yi nauyi. Mai sabis dole ƙafarsa ɗaya ta kasance a ƙasa, ba a yarda ya yi tsalle ba, kuma wannan doka ta kai har wajen 1960. Ba a zama a kujera a huta idan an sauya gefe. Babu kuma gajeren wasan raba gardama da ake yi yanzu idan an kai shida da shida. Zubi zai yi ta tafiya har sai wani ya ba da ratar gem biyu. Idan ka ɗauko ɗayansu yadda yake ka jefa shi filin yau, ba shakka gudun ƙwallon zai fi ƙarfinsa. Amma ni ban ɗauki wannan a matsayin gwaji na adalci ba. Gwajin da na yarda da shi shi ne a duba abin da mutum ya tarar da abin da ya bari. Sabis mai murɗiya, bin sabis zuwa raga, horar da jiki, nazarin abokin karawa, duk a hannun mutanen nan suka samu. Inda zan yarda da kai shi ne zurfin gasar: gwanayen ba su da yawa, kuma a zagayen farko sukan haɗu da waɗanda ba sa'anninsu ba ne ko kusa.

Shekarar 1914 ita ce ƙololuwar wannan zamani, ita ce kuma ƙarshensa. Brookes, yana da shekara 36, ya dawo Wimbledon ya karɓe kambu daga hannun abokinsa Wilding, sannan suka shiga jirgi tare zuwa Amurka neman kofi. A ƙarshen Yuli suka haɗu da Jamus a wani kulob kusa da Pittsburgh. Jamusawan su ne Otto Froitzheim da Oscar Kreuzer. Ana wasa labarin Turai na ƙara muni, kuma ranar ƙarshe ta karawar, 1 ga Agusta, ita ce ranar da Jamus ta shelanta yaƙi a kan Rasha. An ci Jamusawan biyar ba ko ɗaya. Suka kama hanyar gida, aka tare jirginsu a kusa da Gibraltar, Birtaniya ta tsare su a matsayin fursunonin yaƙi.

Mako biyu bayan haka aka yi zagayen ƙalubale a Forest Hills da ke New York, gaban 'yan kallo fiye da dubu goma. Abokin McLoughlin a ɗai-ɗai shi ne Richard Norris Williams, saurayin da ya tsira daga nutsewar jirgin Titanic a 1912. Mahaifinsa ya mutu a haɗarin, shi kuma ya daɗe cikin ruwan ƙanƙara har likita ya ba da shawarar a yanke masa ƙafafu. Ya ƙi, ya riƙa tilasta wa kansa tattaki a kan jirgin da ya cece su har jini ya dawo. Ranar farko Wilding ya doke shi. Sai McLoughlin da Brookes suka shiga, matashi mai ƙarfi da dattijo mai dabara, kowanne yana bin sabis ɗinsa zuwa raga. Zubin farko kaɗai ya ci gem 32 kafin McLoughlin ya ɗauke shi 17 da 15. Daga nan ƙarfin Brookes ya ƙare, aka ci shi 6 da 3 sau biyu. McLoughlin ya doke Wilding ma a rana ta uku. Ka ga mutum ɗaya ya kayar da manyan duniya biyu cikin kwana uku, amma ƙasarsa ta rasa kofi, saboda an ci su a bibbiyu kuma Williams ya faɗi a karawarsa duka biyu. Gwani ɗaya na kawo biyu, na ukun sai da abokin tafiya.

Wilding ya koma Ingila ya shiga soja. Ranar 9 ga Mayun 1915 harsashin igwa ya faɗa kan ramin da yake ciki a fagen daga kusa da Neuve-Chapelle a arewacin Faransa. Yana da shekara 31. Brookes ya yi aikin agaji da Red Cross a Masar. Reggie Doherty ya riga ya rasu tun 1910 yana da shekara 38, Laurie ya bi shi a 1919 bayan rashin lafiya, yana da 43. Ba a sake buga gasar ba sai 1919.

Bayan yaƙi sai zamanin Bill biyu, babba da ƙarami. Bill Tilden dogo ne ɗan Philadelphia wanda bai nuna ba sai da ya girma. A 1919 Bill Johnston, ɗan siririn mutum daga San Francisco mai dukan dama kamar guduma, ya doke shi a wasan ƙarshe na Amurka ta hanyar matsa wa ɓangarensa na hagu. Tilden ya kwashe lokacin sanyin nan a wani fili na cikin ɗaki yana gyara wannan bugu shi kaɗai. A 1920, yana da shekara 27, ya ci Wimbledon da gasar Amurka, sannan shi da Johnston suka tafi Auckland suka kwaso kofin biyar ba ko ɗaya. Amurka ta riƙe shi shekara bakwai a jere, 1920 zuwa 1926.

A cikin shekarun nan akwai abin da jerin masu nasara ba zai nuna maka ba, kuma bai kamata a manta da shi ba. A 1921 Japan ta shiga gasar karon farko ta kai har zagayen ƙalubale, bayan ta doke Indiya da Australasia. Mutum biyu ne su ma: Ichiya Kumagae, wanda ya samo wa Japan lambobinta na farko a Olamfik a 1920, da Zenzo Shimizu. Sun koyi wasa da ƙwallon roba mai laushi a gida, kuma aikin kamfanonin Japan ne ya kai su ƙasashen waje inda suka samu filayen gasa, Kumagae a New York, Shimizu a Kalkata. Shimizu ya ci Tilden zubi biyu na farko, ya zo gab da gamawa da shi a na uku, kafin Tilden ya kuɓuta ya juya wasan. A takarda biyar ba ko ɗaya aka rubuta, amma a fili an ga cewa wasan ya fara fita daga hannun masu shi.

Faransa ce ta karya lissafin mutum biyu, da mutum huɗu: René Lacoste, Henri Cochet, Jean Borotra da Jacques Brugnon. Cochet a kulob ɗin Lyon ya tashi inda mahaifinsa ke aiki, yana tsintar wa manya ƙwallo. Lacoste, wanda ake wa laƙabi da kada, littafi yake ajiyewa yana rubuta raunin kowane abokin karawa. An ci su a zagayen ƙalubale a 1925 da 1926, suka koyi darasi. A 1927 a Philadelphia, Tilden na da shekara 34, Johnston kuma ƙarfinsa ya ja baya. Faransawa suka raba aikin: Cochet ya sa Tilden ya yi zubi huɗu ranar farko, Borotra da Brugnon suka ja shi zubi biyar a bibbiyu rana ta biyu. Duka biyun Tilden ya ci, amma ranar ta uku ya tarar da Lacoste a huce, yana dawo masa da kowace ƙwallo har ƙafafunsa suka gaza. Cochet ya gama da Johnston, aka tashi uku da biyu. Don kare wannan kofi aka gina filin Roland Garros a Paris a 1928, kuma Faransa ta riƙe shi har 1932.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma amsarta ba ta da daɗi. Afirka ta Kudu ta shiga tun 1913, shekarar da ƙasashe takwas suka fafata kuma aka kafa hukumar tanis ta duniya a Paris, amma 'yan wasanta fararen fata ne zalla. Masar ta shiga a 1929. Kusan duk sauran nahiyar tana ƙarƙashin mulkin mallaka, ba ta da tutar da za ta shiga da ita, filayen da ke akwai kuma galibi na kulob ɗin Turawa ne. Ko a Amurka baƙar fata ba shi da hanyar shiga manyan gasanni, abin da ya sa suka kafa tasu ƙungiyar a 1916, suka fara tasu gasar ta ƙasa a Baltimore a 1917. Sai a 1963 aka sa baƙar fata na farko, Arthur Ashe, a tawagar Amurka ta Kofin Davis. Najeriya ta fara shiga a 1974, shekarar da a karon farko kofin ya fita daga hannun ƙasashe huɗun nan. Afirka ta Kudu ce ta same shi, kuma ba tare da an buga wasan ƙarshe ba, domin Indiya ta ƙi karawa da ita saboda mulkin wariyar launin fata.